Man Rana: Kwalliya Ne Ko Magani?

A shagunan kayan shafa na manyan garuruwanmu akwai wani mai da har yau bai samu tsayayyen suna a bakin Bahaushe ba. 'Yan boko suna ce masa sanskirin, yadda Turawa ke kiransa. Mai shago, idan ya lura wadda ta zo sayayya ba ta gane ba, sai ya ce "man rana". A rubuce kuma akan ci karo da "man kare zafin rana". Kowanne daga cikin sunayen nan yana tafe da wani zato game da aikin man, kuma zaton ne ke yanke hukuncin ko mutum zai saya, da lokacin da zai shafa, da wanda za a ce man nasa ne. Abin da babban amfaninsa ba ya bayyana sai bayan shekara goma ko ashirin, sunansa ne kaɗai ke tallarsa a yau. Idan sunan ya karkace, mutanen da suka fi bukatarsa su ne za su wuce shi a kan kanta ba su waiwaya ba.

Bari mu fara da zafi. Bahaushe ta zafinta ya san rana. Yakan ce rana ta take, rana ta ƙwalle, rana ta yi tsaka. Duk tanadin da kakanninmu suka yi mata, malfa da rawani da laima da rumfa da inuwar darbejiya a ƙofar gida, domin neman sanyi ne. Saboda haka da aka kawo man da aka ce yana kariya daga rana, ba abin mamaki ba ne da harshe ya cusa kalmar zafi a ciki. To amma man nan ba ya rage zafi ko ƙanƙani. Wanda ya shafa shi a watan Afrilu a Sakkwato zai yi gumi daidai da wanda bai shafa ba. Abin da yake tarewa wani abu ne da jiki ba ya ji, ido kuma ba ya gani.

A shekarar 1800 wani masani mai suna William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ɗora ma'aunin zafi a can gefen ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga ma'aunin ya hau. Shekara guda bayan nan, a 1801, wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya gwada ɗaya gefen. Ya shimfiɗa takarda mai sinadarin azurfa wadda haske ke baƙanta ta, sai ya tarar ta fi saurin yin baƙi a gaba da launin shunayya, nan ma a wurin da ido ke ganin duhu. Ashe a cikin rana akwai ɓoyayyun haskoki iri biyu. Na gefen ja yana cikin abin da ke kawo ɗumin da muke ji. Na gefen shunayya, wanda ake taƙaita sunansa da UV, shi ne ke kutsawa cikin fata ya lalata ƙwayoyin halitta ba tare da ya yi sallama ba.

Wannan bambanci ba na cikin aji ba ne kawai. Wanda ya riƙe sunan "man kare zafi" zai ajiye kwalbar da zarar hunturu ya shigo, ko hadari ya rufe sama, ko ya shiga mota mai sanyi. Alhali hazo yana rage wannan haske ne, ba ya kawar da shi, gajimare marar kauri ma yana barin kaso mai yawa ya wuce. A 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani dattijo ɗan shekara 69 a Amurka da ya yi shekara 28 yana tuƙin motar kaya. Gefen fuskarsa na dama na dattijo ne kamar kowa. Na hagu, wanda ke kallon taga, ya yi kauri, ya yamushe, ya zazzago, har ka ce ba fuskar mutum ɗaya ba ce. Ta cikin gilashi hasken ya riƙa ratsowa. Direbobinmu na Najeriya da Nijar su ma a hagu suke zama.

Haruffan da ake gani a jikin kwalba, UVA da UVB, an tsayar da su ne a wani taron masana haske da aka yi a Kofanhegan a 1932, inda aka kasa hasken gida uku bisa tsawon zangonsa. Na ukun, UVC, rufin ozon da ke sama yana tare shi. UVB shi ne mai ƙona saman fata, kuma gilashin taga yana tsayar da mafi yawansa. UVA kuwa shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na wannan haske da ke isowa ƙasa. Yana ratsa gilashi, yana nutsawa can ƙarƙashin fata ya tsinka zaruruwan da ke riƙe ta, kuma shi ne babban mai duhunta ta. Duka biyun suna da hannu a sankarar fata.

Su ma Turawan da suka ƙirƙiro man sun yi fama da sunansa. An daɗe ana sayar da wasu da sunan "sunblock", wato mai toshe rana baki ɗaya. A 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana rubuta wannan kalma a jikin kwalba, saboda babu man da ke toshewa ɗari bisa ɗari. Man nan asabari ne, ba katanga ba: yana tace haske, wani abu yana wucewa. A wannan doka aka kuma hana cewa mai ba ya fita da ruwa ko da gumi. Iyakar abin da aka yarda a rubuta shi ne yana jure ruwa na minti 40 ko minti 80. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mai alwala yana wanke fuska da hannuwa sau da yawa a yini, wato daidai wuraren da aka fi shafa man. Wanda ya shafa da safe ya yi alwalar azahar, sai ya sake idan zai koma cikin rana. Dokar ta kuma ce ba za a rubuta "broad spectrum" ba sai an gwada an tabbatar man yana tare UVA tare da UVB. Wannan kalma, a ganina, ta fi lambar da ke gaban kwalbar muhimmanci ga mai baƙar fata, ga dalili.

Lambar nan ta SPF ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Wasu suna ɗauka 30 na nufin minti talatin, wasu kuma suna ganin 30 tana tare ninki biyu cif na hasken da 15 ke tarewa, don haka 100 ta gama magana. Tarihinta yana komawa ga Franz Greiter, ɗalibin ilimin sinadarai da rana ta ƙona a 1938 yana hawan dutsen Piz Buin da ke kan iyakar Ostiriya da Suwizalan, wanda daga baya ya haɗa nasa man, aka kuma jingina masa yaɗa wannan ma'auni. Yadda ake gwajin shi ne a haska bayan mutum da fitila ta musamman, a auna yawan hasken da zai sa fatar ta yi ja ba tare da mai ba, sannan a auna bayan an shafa. Idan sai da aka ninka hasken sau talatin kafin jan ya fito, man ya samu lamba 30. A lissafi, lamba 15 tana tare kimanin kashi 93 na UVB, 30 tana tare 97, 50 kuma 98. Sannan a ɗakin gwaji ana shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita, alhali yawancin mutane rabin haka ko ƙasa da haka suke shafawa, don haka kariyar da suke samu ba ta kai abin da aka rubuta ba. Fuska da wuya da kunnuwa suna bukatar abin da ya kai rabin ƙaramin cokalin shayi ko fiye.

Ga inda gizo ke saƙar: ma'aunin gaba ɗaya an gina shi a kan jan fata. Fatar Bature ce ke yin ja. Tamu ba kasafai take ja ba, duhu take ƙarawa, ta bar tabo. Japanawa, waɗanda su ma duhun fata da tabo suka fi damunsu, sun fito da nasu ma'aunin da ake rubutawa PA tare da alamar tarawa, daga ɗaya zuwa huɗu, kuma shi ana auna shi ne da duhun da ke zama a fata bayan an haska ta da UVA. A Turai kuma ana zana haruffan UVA a cikin da'ira, alamar cewa kariyarsa daga UVA ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambar SPF. Mai sayayya a Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi, waɗannan ƙananan alamomi ne ya kamata ya fara dubawa kafin babbar lamba ta ɗauke masa hankali.

Sai kalmar "kullum" da ake haɗawa da shafa man, wadda a kanta duk batun amfanin dogon zango ya rataya. Ba masu talla ne suka ƙirƙire ta ba. A garin Nambour na jihar Kwinsland a Ostiraliya, yankin da yake cikin wuraren da sankarar fata ta fi yawa a duniya, Farfesa Adele Green da abokan aikinta sun ɗauki mutum 1,621 a 1992 suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka ba su mai mai lamba 16, aka ce su shafa kowace safiya a kai da wuya da hannuwa. Ɗaya rukunin aka bar su su yi yadda suka saba, wato su shafa in sun ga dama. Lura da wannan: ba mai shafawa da marar shafawa aka gwada ba, mai yi kullum ne da mai yi jefi-jefi. Zuwa 1996, yawan wani nau'in sankarar fata da likitoci ke taƙaita sunansa da SCC ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a rukunin kullum. Aka ci gaba da bibiyar su har shekara goma bayan an rufe gwajin. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna mutum 11 sun kamu da melanoma, mafi haɗarin sankarar fata, a rukunin kullum, 22 kuma a ɗaya rukunin. Idan aka ware wadda ta riga ta nutsa cikin fata, 3 ne da 11. A 2013 aka fitar da wani ɓangaren, na mutum 903 'yan ƙasa da shekara 55 da aka ɗauki zanen fatar bayan hannunsu a farko da ƙarshe: tsufan fata ya yi ƙasa da kashi 24 cikin 100 a wurin masu shafawa kullum. Abin da ya fi jan hankalina shi ne shekara huɗu da rabi kawai aka yi ana ba su man, amma ribar ta bi su shekaru bayan haka.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: mutanen Nambour farar fata ne. Kuskure ne a kwashe sakamakonsu a ɗora wa Bahaushe kamar fata ɗaya ce. Kuskure ne kuma a ce, kamar yadda ake yawan ji, "baƙar fata ba ruwanta da rana". Allah ya hore mana melanin, sinadarin da ke ba fata launi, kuma kariya ce ta gaske. Wani bincike na 1979 ya ƙiyasta cewa saman baƙar fata yana ba da kariya daidai da lamba 13, na farar fata kuma kimanin 3. Ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta ce a can Bature 1 cikin kusan 33 zai kamu da melanoma a rayuwarsa, baƙar fata kuwa 1 cikin 1,000. Kuma idan ta kama baƙin mutum, ta fi fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta da laifi a kansu. Irin wannan ce ta fara a ɗan yatsan ƙafar mawaƙin Jamaika Bob Marley, ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36. Ba man da zai hana ta. Abin da ke ceto shi ne duba tafin ƙafa, da garzayawa asibiti idan baƙin tabo ya fito yana faɗaɗa ko ya ƙi warkewa. Wanda ya sayar wa baƙin mutum man rana da barazanar melanoma bai yi masa adalci ba.

Ko kalmar "baƙar fata" ma ta dunƙule abubuwa da yawa. Ma'aunin da likitocin fata ke amfani da shi, wanda Thomas Fitzpatrick na jami'ar Harvard ya tsara a 1975, da farko gida huɗu ne, duk na fararen fata. Daga baya aka ƙara biyu, aka zuba kusan dukan mutanen Afirka da kudancin Asiya a cikinsu. Bahaushe kuwa a cikin gida ɗaya yana bambanta fari da ja da wankan tarwaɗa da baƙi, kuma ya san ba iri ɗaya rana ke yi musu ba.

To mene ne namu rabon? Tabo da rashin daidaiton launi. Ƙurjin fuska da zai warke a fatar Bature ba alama, a tamu yakan bar baƙin tabo na watanni, rana kuma tana ƙara masa duhu kowace safiya. Haka baƙin da ke fitowa a kumatu da goshin mata, musamman lokacin juna biyu ko shan maganin tsarin iyali, wanda likitoci ke kira melasma. Duk maganin da za a sha ko a shafa masa, in ba a tare rana ba, dawowa yake yi. Bincike ya nuna cewa ko hasken da ido ke gani, ba UV kaɗai ba, yana duhunta fata mai melanin da yawa, kuma man da aka saka wa launi da sinadarin tsatsar ƙarfe ya fi marar launi tare shi. Irin wannan mai launin yana kuma magance ƙorafin da ke korar mutanenmu daga man, wato toka-tokar da masu sinadarin zinki ke bari a fuska. Tsoron cewa tare rana zai sa jiki ya rasa bitamin D kuwa, gwaje-gwajen da aka yi a kan masu shafawa a rayuwar yau da kullum ba su nuna yana jefa mutane cikin ƙaranci ba.

Akwai wani suna da ya manne wa man nan a kasuwa wanda ya fi kowanne cutar da shi: a ɗauke shi ɗan'uwan man bilicin. A kanta ɗaya ake jera su, wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da lambar SPF a jikinsu. Wadda ta yi wata uku tana shafa man rana za ta ga fuskarta ta ɗan washe, sai a fara yi mata kallon mai shafe-shafe. Abin da ya faru shi ne fuskar ta koma launin da aka haife ta da shi, irin na ƙirjinta da tufa ke rufewa. Man bilicin, mai haidirokwinon ko sitiroid ko zaiba, yana danne melanin ne ko ya siranta fatar. Man rana yana taimaka wa melanin a kan aikinsa. Wannan ruɗani ya sa magidanci ko manomi ko ɗan acaɓa yake jin kunyar tambayarsa, ita kuma mai bilicin, wadda ta riga ta rushe kariyarta, ba wanda ke gaya mata cewa yanzu ta fi kowa bukatarsa. Baƙin nan mai kauri da ke zama a ƙashin kumatun waɗanda suka daɗe suna shafa haidirokwinon, wanda likitoci a Afirka ta Kudu suka yi bayaninsa tun 1975, a wuraren da rana ke bugu ya fi fitowa.

Suna a bakin hukuma shi ne ya fi nauyi. A Amurka doka tana ɗaukar man rana a matsayin magani da ake saya ba tare da takardar likita ba. A Tarayyar Turai kayan kwalliya ne. Wannan ba gardamar malamai ba ce, domin rukunin da aka saka kaya shi ke nuna harajin da za a ɗora masa, da ko asibitin gwamnati zai saye shi, da ko inshorar lafiya za ta biya. Kuma akwai 'yan'uwanmu da wannan rarrabewa ta zame musu batun rai da mutuwa, su ne masu lalurar zabiya.

A Afirka kudu da Sahara ana ƙiyasta mutum 1 cikin 5,000 zuwa 15,000 yana da wannan lalura ta gado, inda jiki ba ya samar da melanin ko yake samar da kaɗan. Yaro irin wannan a Katsina ko Damagaram yana rayuwa ƙarƙashin ranar da ma'auninta na UV yakan kai 11 ko ya wuce a bazara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 3 ake fara neman kariya. Tun yana ƙarami fatar wuyansa da kunnuwansa da leɓɓansa take fara kaushi da ɓawo. Waɗannan su ne kan rikiɗe su zama SCC, nau'in da gwajin Nambour ya nuna shafawa kullum na rage shi, kuma shi ne ke kashe da yawa daga cikinsu suna tsakiyar ƙuruciya. A sassa da dama na Najeriya an ɗora laifin tabon jikinsu a kan gishiri, har ana hana yaro cin miya mai gishiri, sannan a tura shi talla ko kiwo ko gona da tsakar rana ba hula. Wannan camfi yana ci mini rai, domin iyayen da ke yin sa ƙaunar ɗansu ce ta sa su, an dai ba su sunan mai laifin da ba shi ba ne.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar wayar da kai game da lalurar, aka fara a 2015. A garin Moshi na Tanzaniya ana haɗa wani mai da ake kira Kilisun ana raba musu kyauta. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka man kariyar rana a jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Saura namu ma'aikatun lafiya su bi sahu a aikace: a rubuta shi a jerin magungunan jiha, a ajiye shi a tagar da ake karɓar maganin zazzaɓi a asibitin shan magani, a cire shi daga lissafin kayan ado wajen haraji. Idan ni zan ba shi suna a katin asibiti, "man kariyar fata daga hasken rana" zan rubuta, ba zafi a ciki, ba kwalliya. Ungozoma kuma ta faɗa wa uwar jaririn da aka haifa da lalurar tun kafin ranar suna: inuwa da tufa mai rufe jiki har ya kai wata shida, daga nan mai mai lamba 50 kowace safiya tare da malfa mai faɗi, kuma duk gyambon da ya fito a kunne ko leɓe ya yi makonni bai warke ba, a kai shi wurin likitan fata.